Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin asibitoci: in mara lafiya ya kawo ƙorafi, wa ke saurarensa?

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe shugabannin asibitoci, da na cibiyoyin kula da masu buƙata ta musamman, da na masu lalurar ƙwaƙwalwa, da duk hukumar da aka ɗora wa nauyin sa ido a kanku.

Na daɗe ina so in rubuto muku wasiƙar nan, sau nawa ina farawa ina gogewa saboda ƙanwata ta roƙe ni kar in yi. Sai kwanan nan da bakinta ta ce Yaya rubuta kawai, amma dan Allah kar ka sa sunana kuma kar ka sa sunan asibitin. Toh ba zan sa ba. Dama ko na sa ba abun da zai ƙara, don tun da na fara ba mutane labarin nan ban taɓa gamawa ba sai wani ya katse ni ya ce ai mu ma haka aka yi mana, a wani asibitin daban a wani garin daban.

Ƙanwata tana fama da lalurar ƙwaƙwalwa shekaru kusan shida, tana shan maganinta, tana zuwa ganin likita duk wata, tana aikinta lafiya lau, in ba an faɗa maka ba wallahi ba za ka sani ba. Wani dare ciwon ciki ya kama ta, tana ta amai jikinta ya yi zafi, na ɗauke ta muka tafi asibitin da take da kati. Ma'aikacin da ya karɓe mu ya buɗe fayil ɗinta, ina tsaye ina kallon fuskarsa, yana kaiwa shafin da aka jera magungunan da take sha sai na ga ya saki jiki ya rufe fayil ɗin. Daga nan bai sake yi mata tambaya ko ɗaya ba, ni yake kallo yana cewa ta sha maganinta yau? an ɓata mata rai a gida ne? Ita kuma tana duƙe a kan benci ta riƙe gefen cikinta na dama tana cewa nan ne, nan ne yake min ciwo, ku taɓa ku ji. Ba wanda ya taɓa. Aka ce ciwon nata ne ya motsa, aka yi mata allurar barci aka ce mu tafi gida ta huta.

Bayan kwana biyu muka dawo a guje ba ta ma iya miƙewa tsaye. Allah ya haɗa mu da wata likita, ita kam ta kwantar da ita ta danna wurin da take nunawa tun ranar farko, tana ɗage hannu yarinyar nan ta ƙwalla ƙarar da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Afendis ne, kuma ya riga ya fashe. Daren aka shiga da ita tiyata, ta yi kwana goma sha ɗaya a kwance da roba a ciki ana zuƙe mugunya. Ta rayu, Alhamdulillah, kuma likitar nan da nas ɗin da suka kwana a kanta ina musu addu'a kullum.

Abun da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abun da ya biyo baya, lokacin da na ce bari in kai ƙorafi don kar a sake yi wa wani.

Na tambayi mai ba da kati ina ake kai ƙorafi, ya ce shi bai sani ba in tambayi masu gadi. Mai gadi ya nuna min wani akwati a jikin bango kusa da ƙofar fita, an rubuta masa ƙorafi da shawarwari, kwaɗon da ke jiki ya yi tsatsa, ramin sa takardar ma wani ya cusa masa ledar magani. Na ce a'a ni mutum nake so in gani. Aka tura ni wani ofis a hawa na biyu, sakatare ya ce sai na cike fom, fom ɗin kuma ya ƙare, in dawo jibi. Na dawo na cike, sai aka ce ƙa'ida ita ce in fara kai wa shugaban sashen da abun ya faru ya sa hannu kafin a karɓa. Kun san wanene shugaban sashen a wancan satin? Mutumin da ya rufe fayil ɗin. Ni in ɗauki takardar da na rubuta a kansa in miƙa masa hannu da hannu in ce ranka ya daɗe sa min hannu. Wannan ai an ba kura ajiyar nama ne.

Na dage dai har aka karɓa. Wata huɗu ba amsa, na yi ta sintiri, kullum ana kan dubawa. Ranar da amsar ta zo layi biyar ne, wai kwamiti ya duba bayanan da ke fayil ya ga an bi ƙa'idar aiki, suna mana fatan alheri. Ba wanda ya kira ƙanwata ya tambaye ta me ya faru. Ba wanda ya kira ni. Fayil ɗin da mutumin ya rubuta da hannunsa shi aka karanta aka yanke hukunci da shi, kuma abun da ya rubuta a ciki shi ne mara lafiya tana cikin tashin hankali, an ba ta magani ta natsu. Wato ciwon cikin da ta yi ta faɗa ko a takarda bai shiga ba.

Ranku ya daɗe, ni lafiyata ƙalau, ina da ƙafafu, na iya karatu da rubutu, ina da bakin magana, kuma ba wanda ya taɓa rubuta a fayil ɗina cewa ina da taɓin hankali, amma sai da na kusa haƙura. Toh ku faɗa min yaya wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan zai yi? A ɗaya daga cikin zuwan da na yi na tarar da wani dattijo a keken guragu a gindin matattakalar nan, da takarda ninke a cinyarsa, lif ɗin ya lalace tun ban san yaushe ba. Ya ce min ɗana in sama za ka hau ka taimaka ka ce musu akwai mutum a ƙasa. Na hau na faɗa, aka ce ya ba ni takardar in kawo. Na sauko na faɗa masa, ya yi shiru ya ƙara riƙe takardar ya ce a'a, abun da ke ciki sirrinsa ne, shi yake so ya faɗa da bakinsa. Da na fito bayan awa ɗaya yana nan inda na bar shi. Ban san me ke cikin takardarsa ba, amma ba zan yi mamaki ba in a kan matattakalar nan ne ma.

Hanyar ƙorafin da kuka shimfiɗa ta mai lafiya ce, alhali masu buƙatarta marasa lafiya ne. Kurma kun ba shi lambar waya ya kira. Makaho kun ba shi fom mai ƙananan rubutu. Wanda bai yi karatu ba kun ce sai a rubuce. Mai lalurar ƙwaƙwalwa kuwa ko ya hau benen ya cike fom ɗin ya yi komai daidai, ana ganin sunan ciwonsa an gama da maganarsa, sai a ce ai ka san su, ba a hayyacinsa yake ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci min rai saboda kisa yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cewa masu lalurar ƙwaƙwalwa mai tsanani suna riga sauran mutane mutuwa da shekara 10 zuwa 20, kuma yawanci cututtukan jiki ne da za a iya magancewa suke kashe su, irin su ciwon zuciya da ciwon suga. Da na karanta wannan ban yi mamaki ba ko kaɗan, na ga yadda abun yake faruwa da idona a kan benci. Mutum yana nuna inda yake masa ciwo ana kallon kansa.

Kuma kar ku ɗauka 'yan tsiraru ne. Ita dai hukumar ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana da nakasa mai tsanani, kusan mutum biliyan 1.3 kenan, sannan a ƙididdigar 2019 ɗaya cikin takwas ne yake fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ta kuma ce cikin marasa lafiya goma kusan ɗaya yana cutuwa a wurin neman maganin kansa, kuma wajen rabin wannan cutarwar da an kiyaye da ba ta faru ba. Ku lissafa mutum nawa ke shiga ƙofarku a rana, sannan ku je ku buɗe akwatin nan na jikin bango. In kun tarar ba komai a ciki dan Allah kar ku rubuta a rahoton ƙarshen shekara cewa jama'a sun gamsu. Tsoro ne ya hana su.

Na san tsoro ne saboda a gidanmu na gan shi. Ranar da ƙanwata ta ji na kai takarda kuka ta yi, ta ce Yaya kai ka kai ka dawo gida, ni ce zan koma wurinsu duk wata karɓar magani, ni ce za su yi wa allura, in suka riƙe ni a zuci fa? in suka rubuta cewa ciwona ya ƙaru suka kwantar da ni dole fa, wa zai yarda da ni? Ban samu amsar da zan ba ta ba. Wanda ya sayi kaya bai ji daɗinsu ba sai ya canza wuri, amma wanda ake wa wankin ƙoda sau uku a sati, ko wanda ma'aikacin da ya zage shi shi ne zai ɗaga shi ya yi masa wanka da safe, ina zai canza ya koma? Rayuwarsa na hannun wanda zai kai ƙara. In ba ku gina hanyar ƙorafinku a kan sanin wannan tsoron ba, wallahi ba abun da zai shigo ta cikinta sai 'yan ƙananan maganganu na layi ya yi tsawo da fanka ba ta aiki.

Akwai ƙasashen da suka ɗanɗana kuɗar toshe kunne, kuma ba ƙasashe matalauta ba. A Ingila, asibitin Stafford, tsakanin 2005 da 2009 marasa lafiya sun yi ta wahala ana barin tsofaffi cikin ƙazantarsu ba mai canza musu, wasu ba ruwan sha a kusa da su, 'yan'uwa suna ta kai kuka shugabanni suna kallon lissafin kuɗi da alƙaluman da za su nuna wa na sama. Wata mata da mahaifiyarta ta rasu a can a 2007 ita ta tara sauran iyalai suka ƙi yin shiru har aka kafa bincike, rahoton da lauya Robert Francis ya fitar a 2013 ya zo da shawarwari 290, kuma cikin abun da ya nuna akwai cewa alamun suna nan tuntuni a cikin ƙorafin mutane ba a ɗauke su da muhimmanci ba. Haka a 2011 a wata cibiyar masu nakasar ƙwaƙwalwa mai suna Winterbourne View, wani nas da ya yi aiki a wurin ya kai rahoton cin zalin da ake yi har ga hukumar da ke sa ido, ba a yi komai ba, sai da ɗan jaridar BBC ya shiga da ɓoyayyar kyamara duniya ta ga ana marin mutane ana danne su a ƙasa ana watsa musu ruwan sanyi. Ma'aikata 11 aka samu da laifi a kotu, aka rufe wurin. Ku duba fa, ma'aikaci ne mai takardar shaida ya yi magana ba a ji ba, balle su waɗanda ake dukan.

Wasu kuma sun gyara, shi ya sa ba na yarda in an ce min abun ba zai yiwu ba. A Niyu Zilan bayan binciken da alƙaliya Silvia Cartwright ta jagoranta ya fito a 1988, kan matan da aka bari da alamun sankarar bakin mahaifa ba a yi musu cikakken magani ba ana nazari a kansu ba da saninsu ba, sai suka yi doka a 1994 suka kafa ofishin kwamishina mai zaman kansa na lafiya da nakasa, a 1996 suka fitar da haƙƙoƙi goma na duk mai neman magani, na goman shi ne haƙƙin yin ƙorafi. A can in ka kai ƙorafi dole a rubuto maka cikin kwana biyar na aiki cewa an karɓa, dole a riƙa sanar da kai inda aka kwana aƙalla duk wata, kuma akwai masu tsaya wa mara lafiya kyauta waɗanda ba ma'aikatan asibitin ba ne, su zauna da kai su taya ka tsara maganarka su raka ka zaman. Da ƙanwata ta samu mutum ɗaya irin wannan da ba ta yi kukan da ta yi ba.

Ba wani abu nake roƙo da ya fi ƙarfinku ba. Ku raba mai karɓar ƙorafi da wanda ake ƙorafi a kansa, wannan ko kwabo ba zai ci ba. Ku sauko da ofishin ƙasa inda keke zai shiga. Ku karɓi magana ta baki, mutum ya faɗa a rubuta a karanta masa ya ce eh haka na ce, ku karɓi saƙon waya da na murya, ku nemo mai fassarar maganar hannu in kurma ya zo, ku bar ɗan'uwa ko aboki ya tsaya wa wanda ba zai iya ba in shi ya yarda. Yawancin ƙasashen duniya sun sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, sashe na 9 yana maganar samun damar shiga gine-gine da samun bayani, sashe na 25 ya ce a ba su kulawar lafiya daidai da ta kowa ba bambanci, toh ofishin da ke saman bene ba lif ya saɓa wa wannan tun kafin a buɗe baki.

Amma wanda na fi so ku riƙe shi ne ku ji daga bakin mai abun. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kar kwamiti ya sake zama ya yanke hukunci a kan mutum da fayil kawai, domin fayil ɓangare ɗaya ne ya rubuta shi. Ku kira mara lafiyar ku zaunar da shi ku tambaye shi, ko da a fayil ɗinsa an rubuta sunan ciwon ƙwaƙwalwa mafi nauyi. Lalurar ƙwaƙwalwa ba ta hana mutum sanin an mare shi, ba ta hana shi sanin an ɗaure shi a gado tun dare har safe, ba ta hana shi sanin inda cikinsa ke ciwo. In ma a lokacin ba ya cikin natsuwa, ku jira ya samu sauƙi ku dawo ku tambaya, ku duba jikinsa, ku tambayi waɗanda suke ɗakin. Kuma ku rubuta ƙarara ku liƙa a bango cewa duk ma'aikacin da ya huce a kan mara lafiya don ya kai ƙorafi zai fuskanci hukunci, sannan ku aikata hakan ko sau ɗaya mutane su gani.

Na san ma'aikatanku ma a matse suke. Na kwana goma sha ɗaya a ɗakin jinya na ga nas ɗaya tana zagaya gadaje fiye da ashirin da daddare ƙafarta a kumbure, na ga likita yana gyangyaɗi a tsaye. Shi kansa mutumin da ya sallame mu ban san awa nawa ya yi a kan aiki kafin mu zo ba, kuma ban taɓa neman a kore shi ba, a takardata ma na rubuta haka. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Abun da na nema uku ne kacal, a faɗa mana gaskiyar abun da ya faru, a ba yarinyar nan haƙuri, a gaya mana me aka canza don gobe in mai irin fayil ɗinta ya zo da ciwon ciki a taɓa cikin kafin a kai ga allurar barci. Ko ɗaya ban samu ba. Na lura kuna tsoron kalmar ku yi haƙuri kamar in kun furta ta shikenan an kama ku a kotu, alhali a Ingila tun 2014 doka ce ma ta tilasta wa asibitoci in an cutar da mara lafiya su faɗa masa da kansu su ba shi haƙuri, kuma sun bayyana cewa ba da haƙurin ba ya nufin amsa laifi a shari'a. Mu da an kira mu ofis an ce mun yi kuskure, ga abun da muka gyara, wallahi da maganar ta mutu a nan. Rufa-rufar ce ke tura mutane wurin lauya da gidan rediyo da Facebook, daga baya ku ce ana ɓata muku suna.

A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da kundin haƙƙoƙin mara lafiya guda goma, a ciki akwai haƙƙin a saurare shi a warware masa matsala da adalci, da haƙƙin ganin fayil ɗinsa. Ni sai da na yi rigima kafin a bar mu mu ga abun da aka rubuta a kan ƙanwata a daren nan, kuma da ta karanta layin nan na tana cikin tashin hankali sai ta ajiye takardar ta ɗaga rigarta ta nuna min tabon ɗinkin ta ce Yaya wannan ne tashin hankalin.

Har yanzu tana zuwa asibitin duk wata, ba ta fasa ba ko sau ɗaya, sai dai yanzu ba ta yarda ta shiga ita kaɗai, in ban samu zuwa ba sai mahaifiyarmu ta raka ta. Na sake rubuta takarda ta biyu na ce ban gamsu da amsar farko ba, na nemi a tura maganar ga wani wanda ba na sashen ba, yau wata uku kenan. Lambar wayarta tana ƙasan takardar, ita ta ce in sa tata maimakon tawa, ta ce in sun kira ta shirya za ta faɗa musu komai da bakinta tun daga lokacin da muka shiga ƙofa.

Naku,
Yayan wata mara lafiya.